Ƙafar Mai Aski

Litinin, da safe

An kawo ƙafar. Tana jingine a bayan ƙofar ɗakin Baba, da takalminta a sanye, kamar baƙon da ba a ce masa bismillah ba.

Ta hagu ce, daga ƙasan gwiwa. A sama akwai kwanon da dungulmin ke shiga, sai bututun ƙarfe, sai tafin. Mai-ƙafa ne ya auna ya haɗa. Haka muke kiran mutumin da ke wannan aikin a asibiti, har ya saba yana amsawa. Bututun kaɗai ne ba nasa ba. Ƙanena Auta ya yi ta yi masa naci har ya bar shi ya yanko ya goge da kansa a shagon ƙarfen da yake aiki. Mafi kauri da ya samu ya zaɓo.

"Yaya, ba na son wani abu ya sake karyewa a ƙarƙashinsa," ya ce mini.

Ni na gwada bututun. Aikina ke nan. Ina ɗakin gwaji na wata masana'anta, ana kawo mini guntayen ƙarfe da roba da katako, in sa su a inji in gana musu azaba, in rubuta abin da suka iya ɗauka. Na ja shi, na danna shi, ko gezau. Na ce wa Auta ko giwa ce ta taka ba zai ji ba. Ya yi murmushi, karo na farko tun ranar nan.

Baba bai kalli ƙafar ba. Umma ya kalla ya ce, "A yi wa Mai-ƙafa godiya." Auta yana tsaye a bakin ƙofa a lokacin.

Talata, bayan magariba

Ba zan rubuta ranar nan ba. Motar da suka yi haɗarin da ita tana tsakar gida an rufe ta da tampol, kaji sun mai da ƙarƙashinta gidansu. Auta ne ke tuƙi, Baba yana gefensa. Iyakar abin da hannuna zai iya rubutawa ke nan. Abin da suke faɗa wa juna kafin abin ya faru, ban tambaya ba, su ma ba su faɗa ba.

Tun daga ranar Baba bai ce wa Auta uffan ba. Ba zagi, ba faɗa. Ni da zagin ne ma da na fi samun sauƙi.

Baba mai aski ne, kuma tun da aka haifi Auta babu hannun da ya taɓa kansa sai na Baba. Yanzu sumarsa ta yi buzu-buzu, ta rufe kunnuwa. Ɗazu Umma ta ce masa, "Kai ko kunya ba ka ji? Ɗan mai aski da kai kamar daji!" Ya sunkuyar da dajin ya ci gaba da cin abincinsa.

Alhamis, da yamma

Baba ya yi tafiya! A asibiti, tsakanin ƙarafan dafawa guda biyu, ya je ƙarshe ya zauna, ya huta, ya dawo. Mai-ƙafa har tafi ya yi. Umma tana kuka tana dariya tana goge hanci da bakin mayafi.

"Injiniya, kin ga tsohonki?" Baba ya ce mini. Rabon da ya kira ni da wannan sunan har na manta.

Auta a waje ya tsaya, yana leƙe ta taga.

Asabar, da hantsi

Jini a safar dungulmin. Umma ta ɓoye ta a ƙasan kwandon wanki, ni na gani.

Litinin, da yamma

Mai-ƙafa ya duba ya sake dubawa. Fatar ta saluɓe a gefe biyu, ba a ƙasa inda nauyi ke sauka ba. Ya ce kwanon daidai yake, tsayin daidai yake. Ya sa Baba ya taka a gabansa, lafiya lau. Ya dafe haɓa ya ce, "Hajiya, gaskiya kaina ya ɗaure. Wannan kamar ana murza fatar ne."

Likita ya ce a ajiye ƙafar sai ciwon ya warke. Ya ƙara da wata magana game da abin da za a yi idan ciwon ya ci gaba. Da hannu ya nuna, a saman gwiwa. Ita ma ba zan rubuta ta ba.

Ƙafar ta koma bayan ƙofa.

Laraba, da rana

Auta ya same ni a wurin aiki lokacin hutu. Bai taɓa zuwa ba. Muka zauna a kan matakalar baya inda ake jibge tsofaffin ganguna.

Ya samu aiki a wani kamfani can nesa, inda sai an kwana a hanya. Juma'ar ƙarshen wata zai tafi.

Na ce, "Ka haukace? Umma fa?"

"Yaya, ganina ne ke hana shi cin abinci. In na shigo falo sai ya ajiye cokali. Ƙafar ma da na sa hannu, ga abin da ta yi masa."

"Ba bututunka ba ne. Ni na gwada shi."

"To mene ne?"

Na ce ya yi haƙuri, ya ba Baba lokaci, irin maganganun da mutum ke yi in ba shi da abin faɗi. Ya ce, "Wallahi ko 'tashi ka ba ni wuri' ya ce mini, zan fasa. Kalma ɗaya nake nema."

Na san Baba, na kuma san Auta. Daga ƙarfe ɗaya aka yanko su. In ya tafi a haka ba zai dawo ba, kuma Baba ba zai taɓa cewa a kira shi ba. Ina tsoro ƙwarai.

Alhamis, da safe

Ban faɗa wa Umma ba. Ta riga ta ga jakar.

Juma'a, da yamma

Idan abin duniya ya ishe ni, nakan maimaita wa kaina karatun da nake yi wa sababbin ma'aikata. Yau a kan hanyar gida na yi shi daga farko har ƙarshe, kamar mai bitar hadda.

Ƙarfi daban, tauri daban. Ƙarfi shi ne nawa abu zai ɗauka kafin ya karye. Tauri shi ne yadda yake ƙin motsawa in an takura masa. Gilashi yana da tauri, amma tsakuwa ta ishe shi. Komawa kuma wani abu ne na uku: lanƙwasa dalma, ta zauna yadda ka bar ta, amma danna sifirin ka saki, ya dawo kamar ba a yi ba.

Shi kansa taurin ba ɗaya ba ne. Akwai na ja, wato yadda abu ke ƙin miƙewa ko gajarcewa. Akwai na murɗa, yadda yake ƙin gocewa gefe. Akwai na matsi, yadda yake ƙin ƙanƙancewa in an matse shi ta kowane ɓangare. A littafi kowanne da harafinsa, E da G da K, kuma a ɗakina kowanne da injinsa. Nakan ce wa sababbin, "Kar wanda ya zo ya ce mini abu yana da tauri. Tauri ta ina?"

Ja, murɗa, matsa. Na san duk wannan. Na dawo gida na tarar Baba yana kallon bango, Auta yana wanke wandunan da zai tafi da su, kuma karatun nan bai tsinana mini komai ba.

Lahadi, da azahar

Umma ta aike ni shagon Baba in ɗauko injinan aski a sa musu mai kada su yi tsatsa. Rabon da a buɗe shagon tun ranar nan. Ƙamshin hodarsa yana nan. Tawul ɗin da ya rataya a jikin kujera ya bushe ya ƙame a yadda ya bar shi.

Na buɗe taga, haske ya faɗo a kan siminti, sai na ga wasu tabo kewaye da kujerar. Guda-guda ne, masu zagaye, sun yi sulɓi suna ƙyalli kamar an jera ƙananan faranti. Duk zuwan da nake yi shagon nan tun ina yarinya ban taɓa lura da su ba.

Na ɗora ƙafata ta hagu a kan ɗaya. Na ɗaga hannu kamar ina riƙe da almakashi, na nufi wajen ƙeyar mutumin da babu shi a kujerar. Sai na ji dugadugina yana juyawa a kan tabon, jikina yana binsa.

Kujerar tana juyawa, mun sha wasa da ita muna yara. Amma Baba ba ya taɓa juya wanda yake yi wa aski. Na ji shi ya faɗa wa almajiran sana'arsa ba sau ɗaya ba: "Ba a kau da mutum daga madubi. Ya zo ne ya ga kansa yana gyaruwa. Kai da ke riƙe da almakashi, kai za ka zagaya shi." Shekara da shekaru yana kafa ƙafar hagu yana juyawa a kanta, har ya cinye siminti.

Na koma gida da sauri na tsare Umma a kicin. Sai da na matsa mata ta faɗa. Kwanakin nan da ƙafar ke jikinsa, in mun fita aiki, yakan sa ta ajiye masa kujera a tsakiyar ɗaki, ya rufe ƙofa, ya yi ta zagaya ta.

"Ya ce kar in faɗa muku," ta ce. "Ya ce sai ya iya tukuna."

A asibiti miƙe yake tafiya, shi ya sa ba a ga komai ba. Ƙafar mutum in ya juya a kanta, idon sawu da tafin suna shanye murɗar. Tamu kuwa takalmin ya kama ƙasa, bututun ya ƙi bayarwa ko kaɗan, sai murɗar duk ta haye sama ta sauka a kan fata. Na ja bututun nan, na danna shi. Ban tambayi kaina me zai faru in an murɗa ba. Ni da "tauri ta ina".

Na zauna a kan buhun gawayi na yi kuka mai isata.

Litinin, da yamma

Mai-ƙafa ya gane tun kafin in gama bayani. Ya ce akwai wani ɗan ƙarfe da ake sawa tsakanin bututu da tafi saboda masu irin wannan aikin, amma babu shi a nan, sai an yi oda, kuma ba ya iya cewa ga ranar zuwansa. Na ce in mun haɗa wani fa? Ya ce, "Ku kawo in gani. In bai kwanta mini ba, ba zan ɗaura wa dattijon nan ba."

Abin da muke nema: ya ƙi dannuwa in an taka, ya yarda a murɗa shi kaɗan, ya dawo daidai in an sake shi. Na zana wa Auta a bayan kwalin sabulu. Idonsa ya kawo haske, har na ji tsoron hasken.

Laraba, bayan la'asar

Auta bai jira ni ba. Ya yanko roba mai kauri kamar dunƙulen hannu ya ɗaura tsakanin faifan ƙarfe biyu ya kawo mini da murnarsa. Murɗawa kam tana murɗuwa. Na sa ta a injin dannawa, na ba ta nauyin Baba, sai ta buɗe ciki ta gefe ta durƙushe. Da Baba ne a kai da ya tuntsura.

"Roba ba za ta yi ba ke nan," ya ce.

Na ce za ta yi, ba haka ake tafiyar da ita ba. Na ɗauko sirinji na zuƙi ruwa na toshe bakin da yatsa na ce ya danna. Ya danna har jijiyar wuyansa ta fito, bai motsa ba. Na ce roba ma haka take. Ba ta ƙanƙancewa, guduwa take yi ta gefe. Ka yanka ta siririya, ka manne ta gam tsakanin faifai, ka hana ta hanyar gudu, sai ta tsaya wa nauyi kamar dutse. Amma wajen murɗa tana nan da laushinta. Sai mu jera siraran da yawa, roba, ƙarfe, roba, ƙarfe.

Ya kalli sirinjin ya ce, "Da ni ma an yanka ni siriri tun farko." Na make masa ƙeya, hannuna ya nutse cikin suma.

Asabar, da safe

Gam ɗin da muka manne roba da ƙarfen da shi ya saki.

Litinin, da rana

Ya sake saki. Na biyun ya jure dannawa, ya jure murɗa ta farko da ta biyu, na bar injin yana ta kai da komo, kafin a tashi aiki na ji ƙas. Oga ya leƙo ya ga abin da nake yi da injin kamfani. Ya san labarin Baba. Ya ce, "Ni ban ga komai ba," ya ja ƙofa.

Ciwon yana warkewa a hankali, wata kuwa gudu yake yi. Babu injin da ke hanzarta fata.

Talata, bayan magariba

Na yi ta maza na shiga ɗakin Baba. Na ce masa Auta zai tafi ranar Juma'a ta sama. Na ce, "Baba, don Allah ko kalma ɗaya ce."

Ya daɗe yana kallon inda bargo ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa. Sannan ya ce, "Injiniya, in na buɗe baki ban san abin da zai fito ba."

Na jira ko zai ƙara. Ya ce in miƙo masa rediyo.

Alhamis, da safe

Umma ta toya masa abin tafiya tun yanzu, wai kar ta manta. Ta ƙona rabi.

Asabar, da yamma

Na uku. Auta ya kankare faifan har sun yi kaushi, ya wanke su, muka canza gam, ya huda tsakiya ya zura ƙusa don ko gam ya saki ƙafar ba za ta rabu biyu ba. Yini guda injin yana murɗawa yana saki. Duk sanda ya saki, ɗan layin da na zana da alli a gefe sai ya dawo ya miƙe. Na zauna ina kallon layin nan kamar mai jinya.

Bai saki ba. Ban yi murna ba, na gaji da yin murna da wuri.

Litinin, da hantsi

Mai-ƙafa ya juya shi, ya murɗa, ya hau kai da nauyinsa, ya tambaye ni lambobin har sau biyu. Ya ɗaura. Likita ya ce fatar ta rufe amma sabuwa ce, a bi ta a hankali. Mai-ƙafa ya ce gwajin gaskiya ba a tsakanin ƙarafan asibiti yake ba, a kai shi inda yake aikin.

Baba ya ce sai ya yi tunani. Saura kwana nawa ne ma, da zai yi tunani?

Laraba, da yamma

Mun je. A tasi, ni da Baba da Umma. Auta ya biyo mu a ƙafa da sifana a aljihu, wai ko wani noti zai buƙaci ɗauri. Ya tsaya a bakin ƙofar shagon, rabi ciki rabi waje, inda ya saba tsayawa a kwanakin nan.

Baba ya dafa kujerar ya miƙe. Ƙafar ta sauka a kan tabonta ba tare da ya duba ba. Na ce, "To Baba, zagaya mu gani."

"Ni ba na zagaya kujerar da babu kowa," ya ce. "Na yi a gida, ya ishe ni."

Ya kalli madubi. Ta cikin madubin ake hango ƙofa. Ya ce, "Injiniya, tambayi wancan, da wannan kan zai je garin mutane ya ce shi ɗan mai aski ne?"

Ban tambaya ba. Auta ya ajiye sifana a kan benci ya zo ya zauna. Umma ta yafa masa ƙyallen, sai Baba ya karɓa ya ɗaure.

Ya fara da gefen dama. Suma tana zuba a ƙasa dunƙule-dunƙule. Almakashi yana ta aikinsa. Ya gama dama, ya zo ƙeya, nan ne wurin juyawa. Sai ya tsaya. Gumi ya keto masa, ya kama bayan kujerar da hannu ɗaya. Na san ciwon baya yake tunawa. Na yunƙura zan tashi, Umma ta riƙe mini zane.

Auta ya gani ta madubi. A hankali ya sa yatsan ƙafarsa a ƙasa ya fara tura kujerar, don ya kawo wa Baba gefen hagun har inda yake.

Baba ya ɗora tafin hannu a tsakiyar kansa.

"Auta. Kar ka juya mini kujera. Ni zan zagayo."

Ni ƙasa nake kallo. Takalmin yana kafe a kan tabon. Jikin Baba ya juya, layin allin ya karkace, ya ɗaga ƙafar, layin ya dawo ya miƙe. Da na ɗago, kafaɗun Auta suna girgiza a ƙarƙashin ƙyallen, Baba yana cewa, "Ka tsaya mana, so kake in yanke maka kunne?"

Alhamis, da safe

Na duba safar da kaina. Ɗigo ɗaya, ƙarami kamar kan allura. Ban san ko na tsohon ciwo ba ne ko sabo. Ban san ko robar za ta kai shekara ba, ko wata. Injina bai san wannan ba, ni ma ban sani ba.

Jakar Auta tana nan a ɗaure, motarsa ta tafiya gobe ce. Ban tambaye shi komai ba.

Ɗazu ya wuce ta falo, Baba ya ce ya zo. Ya kama haɓarsa ya juya kan zuwa haske. Bayan kunnen hagu akwai wani tsiri da aka bari, wanda ko almajirin wata ɗaya ba zai bari ba, balle Baba.

"Jiya na gaji, ban gama nan ba," ya ce. "Ka zo shago ranar Asabar in gyara."